Wa ya cinye dashen? Yadda ake kare itatuwan gargajiya a lambun gida daga ɓera, zomo, beguwa da biri

Duk wanda ya dasa aduwa ko kurna a bayan gida a ƙasar Sinnar, Mai Wurno, Sinja, Damazin ko Gadarif, a Sudan, ya san halin watan Maris. Ciyawar daji ta bushe ƙayau, an kwashe dawa daga gona tuntuni, baƙar ƙasa ta tsattsage, ɗanyen ganyen da ya rage a unguwa shi ne ɗan abin da kake ba ruwa. Daga nan har ruwan harif, wato damina, ya kankama a Yuli, duk mai haƙori a kewayen ya san hanyar lambunka.

Mutane kan ce itacen gargajiya ba ya bukatar tsaro, tunda a daji ma ba wanda ke gadinsa. Maganar gaskiya ce ga babban itace. Aduwar da ta yi ƙaya, ko kukar da ta yi gindi, akuya ta ci iya cinta ba abin da zai same ta. Amma a daji ƙwaya ɗaruruwa ke zuba kafin ɗaya ta tsira, ita ma galibi don ta dace da tsirowa a tsakiyar wata sarƙaƙiya. Kai kuwa dashe biyar ko goma ka sayo daga mashtal, wato wurin renon dashe. Aikinka shi ne ka tsaya musu a matsayin sarƙaƙiyar nan na rani biyu ko uku, har ɓawonsu ya yi kauri, kansu ya wuce bakin dabba.

Kafin ka sayi komai, gano ɓarawon

Mafi yawan kuɗin da ake ɓarnatarwa a wannan harka, a kan maganin dabbar da ba ita ta yi ɓarnar ba ake ɓarnatar da shi. A zuba wa ɓera guba alhali zomo ne, a kafa wa tsuntsu mutum-mutumi alhali gara ce ke ci ta ƙasa. Ka fita da sassafe kafin iska ta share sawu, ka durƙusa ka dubi wurin da aka ci.

In an yanke kan tsiron tsaf, a karkace, kamar da aska, kuma yankan bai wuce tsayin gwiwa ba, zomo ne. Za ka ga kashinsa a kusa, ƙwaya-ƙwaya mulmulallu, busassu, cike da ɓurɓushin ciyawa. In kuwa bakin reshen a tsage yake, ɓawon ya ɗaye ya bar zare-zare, akuya ce ko tunkiya, domin ba su da haƙoran gaba a sama, fizga suke yi. Akuya ba naman daji ba ce, amma mu faɗi gaskiya, a cikin gari ita ce ke da kaso mafi girma na laifin da ake ɗora wa na daji.

Ɓera gindi yake bi. Yana gwaigwayar ɓawo daga ƙasa zuwa tsayin taƙi ɗaya, ya bar siraran layuka bibbiyu a jere, shatar haƙoransa. Iri biyu suka fi damun lambu a yankin nan. Akwai ɓeran ciyawa mai yawo da rana, wanda ya fi yawa a bakin tur'a, wato hanyar ruwan noma, da jaruf, wato gonakin gaɓar kogi, yana yin siraran hanyoyi a cikin ciyawa kamar turbar tururuwa, daga raminsa zuwa inda yake ci. Akwai kuma na dare mai yawan nonuwa, wanda ke shiga har ɗaki da rumbu. Kurege kuma tonon iri ne sana'arsa: ka shuka ƙwallon aduwa ko 'ya'yan kuka da yamma, ka tarar da 'yan ramuka da fasassun kwasfa washegari da hantsi.

Ɓarnar beguwa, wadda Larabawa ke kira abu shok, ba ta ɓoyuwa. Rami take haƙawa mai faɗi a gindin dashe ta cinye saiwar, ko ta ɓare ɓawo falle-falle har tsayin rabin mita, shatar haƙoranta faffaɗa ce, ta ninka ta ɓera sau da yawa. Sau da yawa takan bar ƙaya ɗaya ko biyu mai ratsin fari da baƙi. Abin da ta fi so shi ne ƙaramar kuka, saboda saiwarta na kumbura ta tara ruwa kamar rogo, sai kuma muruci. Biri shi ne mai almubazzaranci: ya gatsa ya yar, ya karya reshe, ya tuge tsiro don kawai ya ga abin da ke ƙasa.

In dashe ya yi yaushi ba tare da ciwo a jikinsa ba, ka ja shi a hankali. In ya taho ba saiwa, kuma akwai laka a manne a gindin, gara ce, wadda ake ce wa arda. Wannan ba aikin shinge ba ne.

Wanda har yanzu yake shakka, ya tankaɗe tokar murhu da rariya, ya barbaɗa ta siririya a kewayen dashen, faɗin mita ɗaya, bayan magariba. Da asuba sawun zai gaya masa komai. Zomo na barin dogayen ƙafafu biyu a gaba, ƙanana biyu a baya. Ɓera na jan wutsiya a tsakanin sawunsa. Beguwa kuwa tafinta kamar na ƙaramin yaro, da shatar ƙaya da ta ja a ƙasa. A yi haka dare biyu ko uku, don mai ɓarna ba kullum yake zuwa ba.

Keji ga kowane dashe

In itatuwan ba su wuce goma ko sha biyar ba, kuma a warwatse suke, yi wa kowanne kejinsa ya fi kewaye fili duka araha da inganci.

Girman idon raga shi ne komai. Ragar kejin kaji mai ido santimita 2.5 tana tare zomo, amma ɓera wucewa yake ta cikinta kamar ƙofa. Ɓera sai raga mai ido santimita 1.2 ko ƙasa da haka, irin mai murabba'i wadda aka yi wa walda. Silik namli na ƙarfe, wanda ake sa wa taga, yana tare har ƙananan ɓeraye, sai dai yana tara ƙura ya rage iska da haske, don haka a ƙasa kawai ake sa shi. Na roba kuwa kada ma a fara, ɓera zai huda shi a dare ɗaya.

Ga yadda ake yi. Don keji mai faɗin santimita 60, a yanko raga mai tsawon mita 2, a naɗe ta ta zama kamar ganga, bakin biyu su hau juna da santimita 10, a ɗaure da siririyar waya a wuri biyar ko shida. Tsayinta ya danganta da abokin gaba: santimita 90 a saman ƙasa ya ishi zomo, akuya kuwa sai mita 1.5, don tana miƙewa a kan ƙafafun baya ta jingina da kejin. A haƙa ɗan kwari mai zurfin santimita 15 a kewayen dashen, a zura ƙasan ragar a ciki, a mayar da ƙasa a daddanne. A kafa turke uku, na ƙarfen gini ko na itacen da gara ba ta saurin ci, kowanne ya shiga ƙasa santimita 40, a ɗaure ragar a jikinsu. Turke ɗaya ba ya isa. Akuya na soshe jikinta da kejin, ta kwantar da shi a kan dashen.

Inda ake fama da ɓera da akuya a lokaci guda, a haɗa biyu: doguwar raga mai manyan idanu a waje, sannan ɗamarar raga mai ƙananan idanu, tsayin santimita 45, a ƙasa, santimita 15 daga ciki a binne.

Kuskuren da aka fi yi shi ne matse keji. In ganye ya leƙo ta ido, dabba za ta ja shi, ta jawo reshen gaba ɗaya. Tsakanin ganye da raga a bar aƙalla santimita 15, kuma duk harif a buɗe a faɗaɗa. Kuskure na biyu, ɗaure waya a jikin itacen kansa. Bagaruwa da kurna suna saurin kauri, shekara ɗaya ta isa wayar ta nutse cikin ɓawo ta shaƙe shi, ka yi wa itacenka abin da kake gudun ɓera ya yi masa.

Akwai masu yanka barmil, wato gangar ƙarfe, su kifa, ko su gina ɗan zagayen bulo. Barmil na tare dabba, amma a zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke wuce digiri 40, cikinsa tanda ne. In dole sai shi, a hudhuda jikinsa sosai, a shafa masa farar ƙasa. Zagayen bulo ya fi, muddin an jera shi da tazara iska na ratsawa, kuma an toshe layuka uku na ƙasa ba rami. Sai dai a riƙa leƙawa da sanda kafin a zura hannu, kunama da maciji suna son inuwarsa.

Zariba, wato shingen ƙaya, kuma ita ce ta kowa da kowa, ba ta cin kuɗi. Tana tare akuya da zomo sosai in an kafa gindin rassan a ƙasa, kawunansu suna fuskantar waje, kaurinta ya kai rabin mita. Aibinta biyu. Gara na cinye ta cikin shekara guda, kuma ita ce gida mafi daɗi ga ɓeran ciyawa, don shaho ba ya iya kai masa sura a ciki. Ba kuma dabara ba ce a sassare kurnar daji uku don a kare kurna ɗaya a gida. A yi amfani da reshen miskit, baƙon itacen nan da aka shigo da shi Sudan a 1917 ya zama annoba a gonaki da bakin tur'a. Amma a kakkaɓe 'ya'yansa tas kafin a kawo, in ba haka ba ka dasa wa kanka masifar da ta fi zomo.

In za a kewaye lambun duka

Lambu mai mita 10 a kan mita 10 kewayensa mita 40 ne. Zai ci turke 20 masu tsayin mita 2, ɗaya a kowace mita 2, rabin mita a cikin ƙasa. Raga mai faɗin mita 1.2 a sayi mita 44, saboda haɗi da kusurwa. Santimita 30 na ƙasanta a lanƙwasa: 15 ya gangara ƙasa, 15 ya kwanta yana fuskantar waje, a binne. Hikimar lanƙwasar ita ce dabba a gindin shinge take fara tono, sai ta ci karo da raga a ƙarƙashin ƙafarta, ba ta da wayon ja da baya ta sake farawa. Saura santimita 90 a sama. Sai a ja layi biyu ko uku na waya a samansa har mita 1.5 saboda awaki.

Wannan bai ishi beguwa ba. Tana datse ragar kaji da haƙori, kuma tonon santimita 15 wasa ne a gare ta. Inda take, wato kusa da duwatsu, kwazazzabai da gaɓar kogi, sai raga mai kaurin waya, a binne ta santimita 40 zuwa 50, a kwantar da wasu 30 waje, a jera duwatsu a kai. Aiki ne mai wahala a baƙar ƙasa. A yi shi a ƙarshen harif, Oktoba, ƙasa na da sauran laima. Wanda ya bari sai Maris, diga ma tsalle za ta riƙa yi.

Ita wannan ƙasa tana da wani hali da ya kamata a sani. Da rani takan tsage har hannu ya shige, tsagar kuma ba ruwanta da shingenka, ta ƙarƙashinsa take bi. Turke ya yi lako-lako, ɓera ya sami hanya a buɗe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, a nan kuwa ƙasar ce da kanta ke tsagewa. Daga Fabrairu, duk mako biyu a zaga gindin shinge da fartanya, a cike tsaga da yashi ko ɓurɓushin ƙasa. Ƙofa ma a duba ta. A jera bulo ko a zuba siminti a ƙarƙashinta, kada tazarar ta kai yatsa ya shige. Ragar da aka binne tana tsatsa, bayan harif uku a tona wuri ɗaya a gani.

Ɓera: nan ne aikin yake

Raga tana kare gindin dashe, amma ba ta rage yawan ɓera. Macen na ɗaukar ciki mako uku kacal, kuma na daren nan kan haifi goma ko fiye a ciki ɗaya. Suna yawaita a ƙarshen harif lokacin da 'ya'yan ciyawa da dawa suka wadata, sannan da an gama girbi yunwa ta koro su gida. Saboda haka wanda ya fara yaƙi da su a Afrilu ya makara. Nuwamba da Disamba ne lokacin.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kafin tarko, a kawar da abin da ke kiransa. Tarin kara da itacen girki a ɗauke su daga jikin shinge, a ɗora a kan dandamali. Tsabar kaji kada ta kwana a ƙasa. Lalob da nabag, wato 'ya'yan aduwa da na kurna, da suka zubo a tsince su kullum. A share fili mai faɗin mita ɗaya a wajen shinge, fes, ba ciyawa ko ɗaya, don ɓeran rana yana tsoron ratsa sarari saboda shaho da shirwa. Ciyawar da ake shimfiɗawa a gindin dashe don riƙe laima tana da amfani, amma a janye ta taƙi ɗaya daga jikin itacen. In ta manne da shi, ɓera na ci a ɓoye, gara ma ta samu tsani.

Tarko biyu ba sa komai. Lambu mai mita 10 a kan 10 yana bukatar goma zuwa sha biyu a lokaci guda, a jere a bin bango da kan turbobin da ka gani, tazarar mita 2 zuwa 3, bakin tarkon yana fuskantar bango. Abinci mafi kyau shi ne tunkuzar gyaɗa, wadda ake kira dakwa a kasuwa, a shafa kaɗan yadda sai ya lasa da ƙarfi. Dare biyu ko uku na farko a sa abincin ba tare da an ɗana ba. Ɓera na ɗari-ɗari da sabon abu, in tarko ya kuskure shi sau ɗaya ba zai sake kusantarsa ba. A dare na huɗu a ɗana duka. A kifa wa kowane tarko rabin jarka da aka yi wa ƙofa a gefe biyu, a ɗora dutse, saboda kaji da yatsun yara. Mushen a ɗauka da leda a hannu, a binne da zurfin rabin mita. A yi mako guda, a huta mako biyu, a sake.

Guba kuwa ba ma ba da shawararta a lambun gida. Baƙar hodar nan mai warin tafarnuwa da ake gaurayawa da hatsi tana kashe kaza, kare da yaro kamar yadda take kashe ɓera, kuma ba ta da makari. Mai tsinka jini kuma takan ɗauki kwanaki kafin ta kashe, ɓeran ya fito yana tangaɗi, mujiya ko kyanwa ta ɗauke shi ita ma ta mutu. Mafi haɗari su ne ƙwayoyin da ake sa wa hatsi a sito, waɗanda wasu ke jefawa a ramin ɓera. Iska mai guba suke fitarwa da sun ji laima, kuma ramin ɓera na iya ɓullewa cikin ɗakin da mutane ke kwana.

Mujiya dai an ɓata mata suna a banza. Ita da tunku da shaho ma'aikata ne da ba a biyansu. A kafa sanda mai tsayin mita 3 da ɗan gicciye a kanta a gefen lambu, mujiya da shaho za su riƙa sauka suna fako. Bushiya da jaɓa ma a ƙyale su, ƙwari suke ci, ba ruwansu da dashenka.

Wani abin da ke jawo ɓarna shi ne ruwa. A tsakiyar rani ɓera na huda tiyo don ƙishirwa, beguwa kuma ƙasa mai laima take bi don ta fi sauƙin tono. A binne tiyo santimita 10, kuma a daina yayyafa ruwa kullum da yamma. Lita 10 zuwa 15 sau ɗaya a mako, da safe, ya ishi dashen aduwa ko kurna a baƙar ƙasa a raninsa na farko. Wanda ya fi wannan shi ne a binne ƙaramin tulu marar fenti a gefen dashen har wuya, a cika, a rufe bakinsa da dutse mai nauyi. Ruwa na tsattsafowa ga saiwa, saman ƙasa a bushe. Itacen da aka cika wa ruwa da taki kuwa toho yake yi mai laushi, ya zama kamar an yi wa dabba girki.

Biri

A garuruwan bakin Nil Azrak da kogin Dindir, ƙaramin birin nan mai baƙar fuska da farin saje shi ne ke shiga lambu, da sassafe da kuma bayan la'asar. Kusa da gandun dajin Dindir, wanda aka keɓe tun 1935, da wuraren duwatsu, har gwaggon biri ana samu. Shinge a wurinsu tsani ne. Mutum-mutumi, gwangwani mai ƙara, tsumma mai kaɗawa, duk kwana uku ne ya gano ƙarya ce.

Abin da ke aiki kaɗan ne. Kwamin dashe da na ganye, irin su lalo da yakuwa, a yi musu keji mai rufi ta sama, da raga mai kauri, ƙofa da kwaɗo, don gwaggo yana buɗe sakata. Babban itacen da ke tsaye shi kaɗai a naɗa masa kwanon rufi mai santsi, faɗin mita ɗaya, daga tsayin mita 1.5, a bar sarari tsakaninsa da ɓawo. In reshensa na kusa da katanga ko wani itace, ɓata kwano ne kawai, ta sama zai diro. Kare mai haushi yana taimakawa. Sannan a cire 'ya'yan itace da sun fara nuna.

Kada kowa a gidan ya ba biri abinci, ko sau ɗaya, ko don yara su yi dariya. Kada a tura ƙananan yara su kaɗai gadin gwaggo, kuma kada a ritsa shi a lungu. In biri ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a tafi asibiti a ranar saboda ciwon haukan kare.

Masu fiffike

Tsuntsu ba ya kashe itace. Ɓarnarsa a kan iri ne da sabon tsiro da nunannun 'ya'ya, musamman guddaim, 'ya'yan wani ɗan itacen daji, da nabag. Kwamin iri a rufe shi da tsohon gidan sauro a kan 'yan sanduna har tsiro ya yi ganye huɗu. Reshen da ya yi 'ya'ya a zura shi cikin buhun albasa a ɗaure bakin. In za a rufe itace duka da raga, a zaɓi wadda ɗan yatsa ba ya shiga idonta, a ja ta ta miƙe. Mai manyan idanu da ke lilo tarko ce, za ka tarar da tsuntsu, jemage ko maciji a sarƙe. Ɗan kaskon ruwa a kan sanda, nesa da itacen, yana rage tsattsagar 'ya'ya don sau da yawa ƙishirwa ce. A sauya ruwan duk kwana biyu saboda sauro.

Jemage na shan 'ya'yan itace, amma shi ne ke yi wa kuka barbara. Farin furenta da yamma yake buɗewa don shi. Wanda ya kori jemage daga kukarsa lokacin fure, kada ya tambayi inda gongoles, wato 'ya'yan kuka, ya tafi.

Fara mai cin ganyen itace, wadda ake kira sari al-lail don da dare take tashi, takan sauka a kan ɗakwara, aduwa da kurna ta tsige ganye. Babban itace zai sake toho. Ƙananan a lulluɓe su da gidan sauro har ta wuce. In gungu ne babba, a sanar da ofishin kare tsirrai na yankin.

Game da feshin gargajiya, yana da iyaka. Busasshen barkono gram 100 a daka, a jiƙa a lita 1 ya kwana, a tace, a ƙara ruwa lita 5 da ɗan sabulu, a fesa da yamma. Yana korar zomo da kurege na 'yan kwanaki, ruwa ko raɓa na wanke shi, tsuntsu kuwa ba ya jin yaji ko kaɗan. 'Ya'yan darbejiya da aka daka, gram 50 a lita 1, a kwana a tace, suna hana fara cin ganye. Kashin awaki da aka dama a shafa a jikin dashe yana hana awaki. Duk waɗannan na riƙon ƙwarya ne kafin a sami raga.

In ɓarnar ta riga ta faru

Kada a yi saurin tugewa. A dubi ɓawon a zagaye. Abincin da ganye ke sarrafawa ta cikin ɓawo yake gangarawa zuwa saiwa, shi ya sa faɗin ciwon a zagaye ya fi tsawonsa muhimmanci. In abin da aka ci bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na zagayen ba, zai warke da kansa. In ya kai rabi, zai rayu amma zai yi rauni, a rage masa rassa kaɗan a kafa masa turke saboda iska. A gyara bakin ciwon da wuƙa mai tsabta, a cire ɓawon da ke reto, a bar shi ya sha iska. Baƙin mai, kwalta da fenti ƙona naman itacen suke yi, tara ƙasa a kan ciwon kuma gayyatar gara ce.

In an zagaye shi kaf, saman ya mutu ko da ganyensa na kore yau, zai iya ɗaukar makonni kafin ya nuna. Amma aduwa, kurna da bagaruwa suna tohowa daga kututture. A yanke a ƙasan ciwon, a karkace don ruwa ya zurare, a sa keji, a ci gaba da ban ruwa kamar da, ba taki. Toho da yawa zai fito. Bayan wata biyu a zaɓi mafi ƙarfi ɗaya a cire sauran. Da yake saiwar ta riga ta kafu, yakan kamo sabon dashe ya wuce shi. Ƙaramar kukar da aka cinye wa kai ma tana dawowa muddin kumburarriyar saiwarta na nan. Giginya ce ba ta da wannan gata, ido ɗaya gare ta, in an cinye zuciyar sai a sake shuka.

Wanda zai maye gurbin abin da ya mutu, ya jira Yuli, ruwa ya zauna, daji ya yi kore, dabbobi sun watse. Ya kafa kejin a ranar da ya dasa. Ana cire keji ne idan kan itacen ya wuce mita 2, gindinsa ya kai kaurin taɓarya, ɓawon ya fara kaushi. Kurna da bagaruwa kan kai haka da wuri, aduwa tana da nawa, a ƙara mata haƙuri. Ko bayan an cire na sama, ɗamarar ƙasan nan ta ɓera a bar ta rani ɗaya, a sassauta ta yadda hannu zai shige tsakaninta da ɓawo.